Idan Fatar Birki Ta Yi Sulɓi: Yadda Ake Gyara Ta da Yadda Ake Zaɓen Sabuwa

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin Batsari da Safana kan cika da kaya. Ga buhunan gero da dawa da masara, ga dankali, ga rogo. Wasu a kan babur, wasu a a-kori-kura, wasu a Golf da J5. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, sai ka ga babur ɗaya da buhu biyu a baya, ga kuma mutum zaune bisa buhunan. Haka abin yake a hanyar Ruma, da ta Runka, da wadda ta tashi daga Safana zuwa Dutsin-Ma.

A irin wannan lokaci ne direbobi da 'yan acaɓa ke yawan kai wa makanikai ƙara iri ɗaya. Sai mutum ya ce birkinsa yana kuka, kuma ba ya kamawa, ga shi kuwa bai daɗe da sa sabuwar fata ba. In makanike ya kwance, sai a tarar fatar da sauranta, ba ta cinye ba. Amma fuskarta tana ta ƙyalli kamar gindin kwalba. To, wannan shi ake kira sulɓin birki. Ana iya gyara shi da kuɗi kaɗan. In kuwa aka ƙyale shi, yana iya jawo asarar rai.

Yaya birki yake tsayar da abin hawa?

Ɗan'uwa, goga tafin hannunka biyu da ƙarfi. Me ka ji? Zafi. Aikin birki ke nan. In ka taka shi, wata fata mai kaushi ce take matse ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Gugar da suke yi ita ke rage gudu, gudun kuma ya koma zafi.

Birki iri biyu ne. Akwai mai faifai. Shi faifan ƙarfe ne a bayan taya, fata biyu na matse shi hagu da dama. Shi ne a gaban yawancin ƙananan motoci. Akwai kuma mai daram. Shi kamar kwano yake, a cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa, suna buɗewa su dafe bangon kwanon. Shi ne a bayan motoci da yawa. Shi ne kuma gaba da baya a irin babur ɗin Bajaj Boxer da ya cika ƙauyukanmu.

Ko da yake muna cewa fata, ba fatar dabba ba ce. Haɗi ne na garin ƙarfe da zare da wasu sinadarai, aka cuɗa su da wani irin ƙaro na masana'anta, aka gasa. Wani Bature mai suna Herbert Frood ne ya fara yin irinta a Ingila. Ya kafa kamfaninsa a 1897, wanda aka sani da sunan Ferodo. Kafin nan guntun katako ake dannawa a jikin ƙafar keken doki.

Ƙaron nan shi ne tushen maganarmu. In zafi ya wuce abin da zai iya ɗauka, sai ya narke ya taso saman fatar. In ya huce sai ya daskare, ya yi tauri, ya yi santsi. Uwayenmu mata sun san irin wannan a dutsen niƙa. In dutse ya yi sulɓi, ko an kwana ana niƙa, tsaba zamewa kawai take yi. Sai an koɗa shi ya yi kaushi sannan ya ci. Fatar birki ma haka take.

Me ke kawo zafin?

Na farko ƙafar mai tuƙi ce. Akwai masu ɗora ƙafa a kan birki su manta da ita, musamman masu babur. Ba su taka sosai ba, ba su kuma saki ba. Fatar tana ta gugar ƙarfe a hankali, ba ta samun hutun da za ta huce. Irin wannan guga ta fi taka birki da ƙarfi sau ɗaya ɓarna. Haka nan mai saukowa gangare, kamar a wuraren duwatsun Ruma, in ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Abin da ya kamata shi ne a koma ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko. Sai ka riƙa taka birki sosai kana saki, kana taka kana saki.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai ya yi tsada, wata ɗabi'a ta ƙara yawa. Direba ya fitar da giya a gangare, ko ma ya kashe inji, wai don tattalin mai. Wannan ganganci ne. Duk nauyin motar ya koma kan birki shi kaɗai. A mota kuwa abin ya fi muni, domin injin ne ke taimaka wa ƙafarka wajen danna birki. In ka kashe shi, bayan taki biyu ko uku sai birkin ya yi tauri kamar dutse. Man da aka tattala bai kai kuɗin fata ɗaya ba, balle kuɗin asibiti.

Sai lodi da gudu. In ka ninka nauyin abin hawa da kayansa gaba ɗaya, zafin da birki zai sha ya ninka. In kuwa gudu ka ninka, zafin ba sau biyu zai ƙaru ba, sau huɗu ne. Littafin dokokin hanya na Ingila ya kawo lissafi. Mota mai lafiya a busasshiyar kwalta, in tana gudun kilomita 48 a awa, sai ta ci mita 14 bayan an taka birki. In tana gudun kilomita 96, sai ta ci mita 55. Wannan fa mota ce mai lafiyayyen birki, ba mai ɗauke da buhu goma da fasinja takwas ba.

Mun san abin da ke sa gaggawa. Rashin tsaro a garuruwan bakin dajin Rugu ya sa kowa na son ya isa gida kafin rana ta faɗi, kuma ba wanda ke son yin sawu biyu. Ba mu ga laifin kowa ba. A watan Agusta na 2021 ma, dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu ta haɗa da hana ɗaukar mutum uku a babur. Don tsaro aka yi ta, ba don birki ba. Amma kamfanonin da ke ƙera babur su ma nauyin mutum biyu suka auna suka yi masa birki.

Akwai wani abu da ya shafi masu babur kawai. Da yawa ba sa taɓa birkin gaba, wai yana kayar da mutum. Wasu har cire wayarsa suke yi. Gaskiya ne a cikin yashi birkin gaba yana son lura. Amma a kan kwalta shi ne ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, domin in an taka birki nauyi gaba yake komawa. In ka bar wa na baya aikin duka, dole ya yi zafi ya yi sulɓi. A koyi kama su tare, a hankali.

Wani lokaci kuma laifin ba na mai tuƙi ba ne. An ɗaure birki ya yi tsauri, ko sifirin da ke mayar da takalmi ya saki, ko tsatsa da laka sun kama fistin ya ƙi komawa. Sai fata ta yi ta guga ko ba a taka ba. Gane wannan ba wuya. Ka ɗaga tayar ka juya ta da hannu. Ya kamata ta juya sakayau. A ƙananan babura, ana barin abin takawa ya sauka kamar milimita 20 zuwa 30 kafin ya fara kamawa, wato kusan faɗin yatsa ɗaya da rabi.

Kada a haɗa cuta biyu

Ba duk birkin da ya ƙi kamawa ba ne ya yi sulɓi. Mai sulɓi in ka taka za ka ji shi da tauri a ƙafa, amma motar tana ci gaba da tafiya. Sau da yawa yana kuka mai tsini, kuma kafin nan ka taɓa jin ƙauri. Amma in ka taka ka ji laushi, ƙafa tana nutsewa har ƙasa, wannan maganar man birki ce. Ko yana yoyo, ko iska ta shiga, ko man ya tsufa. Man birki yana shan danshin iska. Sabon mai irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205. In ya sha ruwa, yana iya tafasa a digiri 140. Shi ya sa ake son a canja shi duk shekara biyu. In kuwa kana jin ƙarfe na cin ƙarfe, to fatar ce ta ƙare ƙat. Samfefa ba ta maganin waɗannan biyun.

Yadda ake gyara

Kafin komai, maganar ƙura. Wasu fatun birki, musamman tsofaffi da masu arha, suna da wani sinadari mai suna asbesto. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, kuma bayan shekaru tana kawo cutar daji. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da shi gaba ɗaya tun 2005. Da ido ba a gane fatar da ke da shi. Saboda haka kada a hura ƙurar birki da baki, kada a hura da injin iska. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a jefar da tsumman. A rufe hanci da baki. Masu gareji, ku ji tsoron Allah game da yaran da iyayensu suka ba ku amana, domin su aka fi sa wa wannan aiki.

A bari birki ya huce da kansa. Kada a watsa wa faifai mai zafi ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. A ajiye mota a wuri mai daidai, a sa weji. Bayan an ɗaga da jak, a tokare da gungumen itace mai ƙarfi. Jak kaɗai ba abin yarda ba ne.

In an ciro fatar, a duba ta da kyau a cikin haske. In ƙyallin a sama kawai yake, kuma da sauran kauri, sai a nemo samfefa mai lamba 80 ko 100 ko 120. Lambar tana rubuce a bayanta. A shimfiɗa samfefar a kan abu mai daidai, kamar gilashi ko sumul ɗin siminti. A kifa fatar a kai, a riƙa gogawa ana zagayawa, ba gefe ɗaya ba. Kada a riƙe fatar a hannu ana gurza ta da samfefa, za ta yi tudu da kwari. Da zarar ƙyallin ya tafi, fuskar ta dusashe ko'ina, a tsaya. Ba a son a ci da yawa. Takalmin daram shi da yake a lanƙwashe yake, da hannu ake bin sa, daga wannan baki zuwa wancan. In aka ɗan rage kaifin bakinsa na sama da na ƙasa, kukan yakan ragu.

A nan ne da yawa ke tsayawa, shi ya sa cutar ke dawowa. Ƙarfen ma ya yi sulɓi. Dole a bi faifan ko cikin daram da samfefa har ƙyallinsa ya dusashe. Sannan a wanke da ruwan wankin birki na gwangwani. In babu, a yi da ruwa da sabulu, a ɗauraye, a shanya ya bushe sarai. Kada a wanke da kananzir ko gas, domin suna barin maiƙo. In faifan ya yi zurfin layi har farce na maƙalewa, ko ya yi shuɗi, ko birki na rawa a ƙafa, wannan ya wuce samfefa. Sai a kai masu injin gyaran ƙarfe a Katsina su daidaita, in da sauran kauri, ko a sayi wani.

Akwai fatar da ba ta gyaruwa. Wadda ta tsattsage, wadda ke marmashewa, wadda ta fara ɓanɓarewa daga ƙarfenta, duk a jefar. Fatar mota in kaurinta ya sauko milimita 3, lokacin canji ya yi. Wadda giris ko baƙin mai ko man birki ya jiƙa, ita ma ta tashi aiki. Wasu kan zuba mata fetur su cinna wuta, wai man ya ƙone. Man da ke sama ne ke ƙonewa, ƙaron da ke riƙe fatar kuma ya lalace. A gyara inda man ke yoyo, a sa sabuwa. In za a canja ta mota, a canja hagu da dama tare, in ba haka ba motar za ta riƙa fizga gefe ɗaya.

Wata dabara da muke roƙo a bari ita ce cusa guntun gwangwani a bakin takalmin babur da ya cinye, don ya ƙara kwana. Ɗan ƙarfen da ke buɗe takalman yana iya juyewa ya maƙale, taya ta kulle ana cikin gudu. Babura da yawa suna da ɗan kibiya a hannun birki. In ka taka, kibiyar ta kai kan alamar da ke jikin murfi, takalmin ya ƙare.

Wace iri za a saya?

A shagunan kayan gyara za ka tarar da iri uku ko huɗu. Akwai mai laushi, wadda zare da roba suka fi yawa a cikinta. Ba ta da ƙara, tana kamawa tun da sanyin safe, ba ta cin faifai. Amma ba ta jure zafi, ita ce ta fi saurin yin sulɓi. Ta dace da mai ƙaramar mota da ke zirga-zirga cikin gari ba lodi. Akwai mai garin ƙarfe da yawa. Tana da ɗan ƙara, tana kuma cin faifai fiye da ta farko, amma tana jure zafi da nauyi. A ganina ita ce ta mai a-kori-kura da mai J5 da duk wanda ke lodin kasuwa. Akwai wadda ake kira siramik, wato mai haɗin tangaran. Tana da tsabta, ba ta da ƙara, tana da tsada. Ta motar birni ce, ba a yi ta don jan kaya ba. Masu babur mai faifai kuma akwai ta gasasshen garin ƙarfe zalla, wadda ba ta damu da ruwa da laka ba.

Wani mai shago zai ɗauko maka kwali mai hoton motar tsere, ya ce wannan ta fi kowace. A yi hattara. Sau da yawa hoto ne kawai. In ma ta tseren ce ta gaske, ba taka ba ce. A filin tseren motoci, direba na taka birki da iyakar ƙarfinsa a kowace kwana, ba hutu. A gasar Formula 1 faifan birki kan kai zafin digiri 1,000, har ya yi ja kamar ƙarfe a maƙera. Fatar da aka yi don irin wannan aiki sai ta yi zafi sosai take kamawa. Da sanyi ba ta da kirki, ga kuka, ga cin faifai. Kai kuwa da ka fito da asuba daga Wagini ko Zakka, birkinka a sanyaye yake lokacin da akuya ko yaro zai gifta gabanka. Dokin sukuwa dabam, jakin kaya dabam. Masu zuwa tsere da motarsu ta gida ma, da yawansu fata biyu suke ajiyewa, su canja in za su shiga fili.

Hanyar daji ita ma da nata hali. A cikin yashi da tsakuwa, ba fata ce ke gazawa ba, taya ce ke zamewa. Birki mai cafka da yawa kulle taya zai yi ya kayar da kai. Abin da ake so shi ne mai kamawa a hankali. Abokan gaban birki a nan su ne yashi da ruwa. Da damina, in ka ƙetare rafi, ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya a hankali har ya bushe. Wanda kullum yake hanyar burji ya riƙa buɗe daram yana share yashin da ya taru.

In za ka saya, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada. Ka duba gefen fatar ko bayanta. Na kirki da yawa suna da baƙaƙe biyu na boko, kamar EE ko FF ko GG. Baƙin farko yana nuna ƙarfin kamunta kafin ta yi zafi sosai, na biyu kuma bayan ta yi zafi. F ta fi E kamu, G ta fi F. In ka ga FE, wato tana raguwa ke nan in ta yi zafi. Mai lodi ya nemi FF ko sama. Wasu kuma suna da alamar 90R, wadda ke nuna an gwada su bisa ƙa'idar Turai, aikinsu bai yi nisa da na fatar da motar ta zo da ita ba. Masu jabu ma suna buga alama, saboda haka a lura da sauran abubuwa. Fatar da ba suna, ba lamba, fenti ya rufe fuskarta, ko farce na iya ɓantarar gefenta, a bar wa mai shago kayansa. Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Sabuwar fata sai an hore ta

Ko sabuwa ka sa, ko tsohuwa ka goge, ba a ɗora mata lodi ran farko. Fuskarta da ta ƙarfen ba su san juna ba tukuna. Wurare kaɗan ne ke taɓawa, zafin duka ya taru a nan, sai sulɓi ya dawo cikin kwana biyu. Wannan ne ya sa mutum zai ce jiya-jiya ya sa sabuwa amma ga ta tana kuka.

Kafin ka motsa mota, ka taka birki sau da yawa a tsaye har ka ji ya yi tauri. Wanda ya manta da wannan, takin farko ƙafarsa ƙasa za ta tafi. Sannan ka nemi miƙaƙƙiyar hanya da ba mutane, ba dabbobi, ba kaya a motar. Ka kai gudun kilomita 50, ka taka birki madaidaici har ka sauko kamar kilomita 10, ka saki ba tare da ka tsaya cik ba. Ka ɗan yi tafiya iska ta buge shi, ka sake. Ka yi haka sau takwas ko goma. Mai babur ya yi daga gudun kilomita 30 ko 40, ya hori na gaba dabam, na baya dabam. In ka gama, ka yi tafiyar minti biyar ba ka taɓa birki ba, don ya huce. Kada ka tsaya ka danne birki yana da zafi, fatar za ta bar tabo a jikin faifai.

Bayan haka ka sauka ka kai bayan hannunka kusa da kowace taya, ba tare da ka taɓa ƙarfen ba. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, birkin wannan gefen yana guga, sai a koma wurin makanike. A kilomita 200 na farko a rage lodi, a rage gudu. In kana da niyyar kasuwar Alhamis, ka yi wannan aiki tun Litinin ko Talata.